Takardar Umaru Tela

Duk shekara sai an turo mana ɗalibai su koyi aiki a ɗakin gwajinmu, kuma duk shekara ranar farko iri ɗaya ce. Za su shigo da fararen riguna ko karin guga bai baje ba, su kewaye sabon injin da ke kusurwa suna kallonsa kamar an kawo amarya. Can sai wani ya ce, "Hajiya, ashe aikin ga babu wuya. A sa jini, a danna, takarda ta hito." Nakan ce masa haka ne, ɗana, shi ma tuƙin tirela ai zama ne kawai a riƙe sitiyari.

Sunana Kulu. Na haura shekara talatin ina gwajin jini a nan Sakkwato. Tunda kuna ganin sauƙinsa, bari in ba ku labarin wata takarda da na sa wa hannu, wadda ta kusa raba wata baiwar Allah da aurenta da mutuncinta gaba ɗaya.

Aikin da aka fara ba ni a wannan sana'a wankin gilashi ne. Wanda ya koya mini, Malam Jabbi, dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Wata uku cur ban taɓa jini ba. 'Yan gilasan nan da ake shafa jini a kai, su nake wankewa, in goge, in jera. Shi kuma ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen taga. In ya ga shatin yatsa, ba ya faɗa, sai dai ya kwashe duka ya mayar cikin ruwa ya koma kujerarsa. Na yi kuka a bayan ɗaki ya fi sau nawa. Ina ganin ni da na ci jarrabawa da sakamako mai kyau an mai da ni mai wanke-wanke.

Sai a wata na huɗu ya kira ni gaban tanki. Tankin nan ɗan akwatin roba ne mai ruwan sinadari da waya biyu, da shi muke gwajin sikila. Abin da ya sa jini ja wani furotin ne da ake kira himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Sai mu fasa ƙwayoyin jinin, mu ɗiga ɗan kaɗan a kan wata farar takarda ta musamman, mu sa a tanki mu ba shi wuta. Furotin ɗin sai ya kama tafiya a kan takardar. Mai lafiya, wato A, shi ke yin gaba. Na sikila, wato S, a baya yake tsayawa. Layi ɗaya a gaba, ka rubuta AA. Layi biyu, AS. Layi ɗaya a baya, SS, sai ka gyara murya kafin ka kira iyayen.

Ni a lokacin gani nake an gama, na iya aiki. Malam Jabbi ya aike ni kasuwa na sayo igiyar kaba. Ya warware bakinta gida biyu a gabana, ya ce haka DNA yake a cikin kowace ƙwayar jiki: silli biyu a tufke, an jera musu haruffa iri huɗu kacal, kuma kowane harafi yana da abokin da ba ya zama da kowa sai shi. In ƙwaya za ta rabu biyu, sai igiyar ta warware, kowane silli a tufka masa sabon aboki, harafi da harafi. Igiya ɗaya ta zama biyu, ba ka bambance su. A jikin wannan igiya aka rubuta yadda za a haɗa kowane furotin. Sikilar da ke kwantar da yaro yana ihu, harafi ɗaya ne tak ya sauya a cikin wannan rubutu.

"Tanki shina gwada miki abin da jiki yay yi," in ji shi. "Ba shi gwada miki abin da anka rubuta. Don haka kada ki sa hannu ga takarda sai kin shahwa jinin ga gilashi kin dube shi da idonki."

Dokarsa ke nan. Kowane jini, bayan tanki, sai an shafa shi a gilashi, a rina, a sa a madubin likita a kalli ƙwayoyin. Ba a littafi take ba, kuma wasu wuraren ba sa yi. Na bi ta shekara da shekaru ina gunaguni, don tana cin lokaci kuma kusan kullum abin da tanki ya faɗa shi madubi ke maimaitawa.

Sai mummunar shekarar ta zo. Malam Jabbi ya riga ya yi ritaya, ni ce babba a ɗakin. Taransifomar unguwarmu ta ƙone a tsakiyar bazara, aka kusa wata biyu babu wuta. Wanda bai san zafin Sakkwato ba ba zai gane ba. Furotin kamar ƙwai yake, in ya dahu ba ya komawa ɗanye, kuma rabin kayan aikinmu furotin ne. Firij ya zama akwatin banza. Kullum da safe sai na sayo ƙanƙara na zuba a kula, in ta narke in mayar da kwalaben sinadarin cikin randa da na binne a jiƙaƙƙen yashi. Janareta awa ɗaya muke tayarwa, iya tanki. Ga shi azumi ya matso, kowa na so a ɗaura aure kafin a ga wata, masu gwajin aure sun cika benci har waje. Sai na ce a raina, gilashin nan a ɗan ajiye shi tukuna, ai tanki ya isa.

A cikin layin nan ne Umaru da Luba suka zo. Shi tela ne a Tudun Wada, mai yawan dariya, da tef ɗin awo a wuya ya shigo. Ita malamar firamare ce daga Unguwar Rogo. Nata ya fito AS. Nasa layi ɗaya a gaba, AA. Na lura da wani siririn layi can baya wanda kowa ke da shi, nasa ya ɗan fi duhu. Na ce zafi ne ya taɓa takardar. Na sa hannu, na ce musu Allah ya sanya alheri, 'ya'yanku ba za su yi sikila ba. Umaru ya ce in ɗinkin biki ya tashi in kawo, kyauta ne.

Bayan shekara uku Luba ta dawo da goyo. Yarinya mai suna Nana, ba ta cika shekara biyu ba, hannu da ƙafa sun kumbura, in an taɓa sai ta sandare da kuka. Na ɗebi jini na sa a tanki. Layi a baya, babu ko alamar A. Na sake, haka. Na rubuta SS.

Luba ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Hajiya, babanta hwa AA na. Ke kinka ba mu."

Na ce ta turo shi a sake dubawa. Bai zo ba sai bayan sati biyu, kuma ba Umarun da na sani ne ya shigo ba. Babu tef a wuya, babu dariya. Ya zaro takardu uku daga cikin littafin awonsa ya jera mini a tebur.

"Takardun ga ukku dut hannunki na," ya ce. "Wagga ta ce ni AA, wagga ta ce Luba AS, wagga ta ce ɗiya SS. Kowa nit tambaya sai shi ce ba shi yiwuwa. To ko ke kinka yi kure, ko ita tay yi abin da bakina ba shi iya hwaɗi."

A nan na ji sauran. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Wani ɗan uwansa ya duba a waya ya karanta wa mutanen gida cewa AA da AS ba sa haifar SS. Mahaifiyarsa, wadda ta saba kwana da Nana a ɗakinta, ta daina ko ɗaukarta. An ce Luba ta je gida ta huta, kowa kuma ya san irin wannan hutun.

Na ɗebi jininsa. A duk shekarun aikina, ban taɓa roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure ba sai ranar. Da ya fito AS, da sai in ce laifina ne, a zage ni, a kai ƙarata, aure ya tsira. Wuta lafiya lau a lokacin, sinadari sabo. Layi ɗaya a gaba. AA.

Ina tsaye da takardar sai idona ya sauka a kan akwatin gilasai. Na ɗauko ɗaya, na shafa ragowar jinin, na rina, na sa a madubi. Ƙwayoyin jinin namiji lafiyayye cikakku ne, jajaye. Na Umaru ƙanana ne, sun koɗe, wasu da ɗigo a tsakiya kamar faifai. Mutum ga shi ƙato, yana cin nama, ba shi da dalilin irin wannan jini. Siririn layin nan na baya kuma yana nan da duhunsa, yau kuwa babu zafin da zan ɗora wa laifi.

Na fito na ce masa, "Umaru, AA ta sake hitowa. Amma na ga wani abu da ban gane ba tukuna. Alfarma guda ni ka roƙo. Kada ka rubuta taka takarda ta saki sai tawa ta kammala."

Ya ce har yaushe. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Na ji. Amma Inna ba ta da hanƙurina."

Da la'asar na hau Keke Napep na tafi gidan Malam Jabbi da gilashin a jaka. Idonsa ya riga ya yi rauni, ba zai iya duba madubi ba, sai na kwatanta masa. Ya saurara har na gama. Tambaya ɗaya ya yi: "Wancan karon kin duba?" Na ce a'a, Malam. Na fi so ya zage ni. Sai ya ce, "Sauri ya haihi nawa, Kulu," ya sa aka kawo mini ruwa.

Ya ce abin da na gani yana da suna a littafi, kuma sau biyu kacal ya taɓa cin karo da shi, don ba kasafai ake samunsa a ƙasar nan ba. Akwai mutanen da ɗaya daga cikin rubutun da suka gada ba ya karantuwa sam, jiki ba ya haɗa komai da shi. Tanki ba zai taɓa ganinsa ba, don tanki furotin yake gani. Sai an karanta DNA ɗin kansa. Ya ba ni lambar wani tsohon ɗalibinsa da ke bincike a wani babban ɗakin gwaji a kudu.

Ku da kuka taso kuka tarar da injin ninka DNA, ku sani abin da Malam ya yi da igiyar kaba shi yake yi. Ya ɗumama igiyar ta warware, ya huce a tufka wa kowane silli aboki, ya sake, ya sake, har ɗan guntun da ake nema ya yi yawan da za a iya karantawa. A lokacin babu shi kusa da mu. Na ɗebi jinin su uku, na naɗe kwalaben da auduga, na cika kula da ƙanƙara, na kai tasha da kaina na damƙa wa direba, ina ja masa kunne kamar jariri na ba shi.

Ranar da na je ɗibar jinin Luba a gidan iyayenta, na tarar ta rame, ta daina zuwa makaranta don kallon da ake yi mata. Ba ta yi mini kuka ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Allah ya san gaskiyata, Hajiya. Amma mutane takarda su ka dubi, ke kuwa ka rubuta ta." Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Sati shida muka jira. Umaru ya zo sau biyu, ya tsaya a bakin ƙofa, na girgiza kai, ya juya.

Da sakamakon ya iso ban kira shi ba, shagonsa na tafi. Na tarar da shi a kan keken ɗinki. Na ce ya ba ni littafin awonsa.

"In mutum ya kawo ɗunki, wanga littahi ka kai wa mai keke?"

Ya ce a'a, littafi a durowa yake zama. Ana kwafe awon a 'yar takarda a maƙala wa yadin, da ita ake ɗinki.

Na ce to haka jiki yake. DNA shi ne littafin, ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Ana kwafo awo a 'yar takarda a kai wurin ɗinki, a jera ƙananan sinadarai ɗaya bayan ɗaya yadda awon ya ce, furotin ya fito. Kowa littafi biyu gare shi, na uwa da na uba. Luba tana da shafin A da shafin S. "Kai kuwa kana da shahin A guda, ɗayan kuma ya ɓaci, ba a iya kwahe komi daga gare shi. Dut rigar da jikinka yaɗ ɗunka A ta, don haka tanki yac ce AA. Nana ta ɗauki S wurin uwatta. Wurinka kuwa ta ɗauki shahin da ba shi karantuwa. Awo guda ad da ita, shi jikinta ka ɗunkawa."

Na buɗe sakamakon na nuna masa. Harafin da ya ɓaci a nasa, shi ne ya ɓaci a na Nana, wuri ɗaya, iri ɗaya. Luba ba ta da shi.

Ya dubi sakamakon. Ya ce, "Ashe ni nib ba ta ciwon."

Na ce rabi kai, rabi uwarta, kuma babu wanda ya zaɓa. Wadda ke da laifi a nan ni ce, da na duba gilashi shekara uku da suka wuce da na tura ku bincike tun kafin aure. Ya ce wannan ya wuce. Ya kashe keken, ya ce abu ɗaya yake so. "Maganag ga gaban mutane anka yi ta. Gaban mutane za a warware ta."

A ƙa'idar aikinmu ba a kai sakamako gida, kuma ba a faɗa wa kowa sai mai shi. Amma mai shi ne ya nema, Luba ma ta yarda. Washegari da hantsi na je gidansu. Ya tara mahaifiyarsa da 'yan uwa a tsakar gida, har da mai wayar nan. Ya je da kansa Unguwar Rogo ya ɗauko Luba da Nana. Na tsaya da littafin awo a hannu na maimaita bayanin, na kuma faɗi nawa kuskuren da bakina. Mai waya ya so ya ce wani abu, na ce masa ɗana, abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai shafin farko ka tsaya.

Tsohuwar ta bari na gama. Sannan ta ce, "Wato abin ga, daga wurina ko wurin babanai yas samo shi?"

Na ce ɗaya daga cikinku, Inna.

Ta gyaɗa kai. Ta dubi Luba ta ce, "Ɗiyata, na ci haƙƙinki. Ki yahe min." Ba ta jira amsa ba ta miƙe, da ƙyar, don gwiwa ta dame ta. Ta je ta ɗauki Nana daga cinyar uwarta, ta juya ta baya, ta ce a miƙo mata zane. Aka ce Inna, bayanki. Ta ce wanda ya goyi uban ba ya kasa ɗiyar.

Nana yanzu tana sakandare. Ciwon na nan, ba zan yi muku ƙarya ba, akan kwantar da ita wani lokaci. Amma tana shan magungunanta, tana kwana a gidan sauro, ba ta rabuwa da gorar ruwa, kuma yaran da ke da irin ciwonta yau suna girma fiye da yadda muka saba gani da. Duk bayan wata uku takan zo a duba jininta, kuma ba ta tafiya sai na ɗora ta a kujera ta leƙa madubi ta ga ƙwayoyinta. Ta fi wasunku iya saita shi.

Sabon injin namu yana auna siririn layin nan da kansa, ya fitar da lamba. Na gode wa Allah da shi, da a ce da shi aka yi wancan aikin, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Amma lambar tana can ƙasan takarda da ƙananan haruffa, kuma na ga masu digiri sun tsallake ta suna sauri. Inji ba ya sa hannu. Ku ne za ku sa.

Wannan farar rigar da ke jikina Umaru ne ya ɗinka, duk shekara sai ya aiko da sabuwa, na hana ya ƙi. Gilashin jininsa kuma yana cikin durowata, an rubuta suna a gefe da fensir. Ranar da kuka gama wata ukunku na wanki, zan sa muku shi a madubi ku gaya mini abin da kuka gani. Kafin nan, ga bokiti can, ga sabulu.